Shekarar da Alhaji Jaji Ya Kulle Famfon Mai

Haɗama ce laifin Alhaji Jaji, kuma ita ce ta ci shi. Ban ce riba ba, ku ji da kyau. Riba halal ce, da ita ɗan kasuwa ke ciyar da gidansa, ni ma da na yi fataucin albasa na ci ta. Abin da nake nufi shi ne mutum ya daina duba abin da ya kashe a kan kayansa, ya koma duba irin matsuwar da mai saye yake ciki, ya yanka farashi daidai da ita.

Garinmu yana can wutsiyar kanal ne, ƙasa da Bunkure. Ruwan da aka sako daga dam sai ya shayar da gonakin mutanen gaba kafin ya iso gare mu. Shi ya sa tun da aka fara noman rani a nan iyayenmu suka kafa ƙa'ida: duk ranar da ruwa ya yi ƙaranci, gonar da ta fi nisa da kanal ita ake fara ba, sannan a riƙa haurowa sama, gona bayan gona. Ba a rubuta ta ko'ina ba, amma ban taɓa ganin wanda ya karya ta ya zauna lafiya da maƙwabtansa ba.

Gonar ƙarshe a layinmu ta Saude ce. Saude mai abinci ce a bakin tasha, shinkafa da wake da rana, tuwo da yamma. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da rabin eka da wani tsohon injin ban-ruwa. A shekarar da nake ba ku labari ta zuba duk abin da ta tara a rabin ekar nan, daga iri zuwa taki zuwa 'yan ƙwadago. Tumatir ta dasa, kuma ya karɓa. Ya fara fure daidai lokacin da sanyi ya janye, rana ta fara cizo.

Sai kanal ɗinmu ya ɓalle a wani kwari. Masu gyara suka zo suka duba, suka ce sai mako uku.

Wanda bai san tumatir ba zai ce mako uku ba komai ba ne. To, tumatir in yana fure, kwana biyar ko shida babu ruwa cikin irin wannan rana, furen zubewa yake yi. In fure ya zube kuwa, ganye za ka yi ta shayarwa har damina. Kowa sai ya ruga ya jawo injinsa, don yawancin gonakinmu akwai 'yar rijiyar bututu da aka harba a ƙasa saboda irin wannan rana. Inji kuwa fetur yake sha, kuma gidan mai ɗaya ne tsakaninmu da babban titi, na Alhaji Jaji, mai famfo biyu.

Jaji ɗan garin nan ne, na san haihuwarsa. Ban da gidan man yana da motoci biyu da ke kwasar tumatirin layinmu zuwa kudu duk shekara, yana kuma da eka huɗu a can kan layi, jikin kanal. Kwana biyu kafin kanal ya ɓalle kowa ya ga tanka ta sauke masa mai. A makon ne kuma mai ya yi wuya a ƙasa, gidajen man Kura suka cika da layin motoci, suka ce ba sa sayarwa a jarka. Ranar Juma'a, da maza suka tafi masallaci, Jaji ya sa aka zuƙe man daga rumbun ƙasa aka ɗura cikin tsofaffin duro guda hamsin da biyar da ya sayo da arha, aka jere su a wani sito mai rufin kwano bayan gidansa. Wai ko masu bincike sun zo, su tarar da rumbu wayam. Mata masu kai niƙa sun gani da idonsu. Kafin la'asar ya ɗaure bakin famfo da leda, ya rataya kwali: babu mai. Amma in ka zagaya baya da jarka, akwai. Litar da yake sayarwa ɗari shida da hamsin ranar Alhamis ta koma dubu ɗaya da ɗari biyar.

Washegari ni da liman muka je muka same shi zaune a ƙofar gida.

"Allah gafarta Malam, Baba, ai da kun aiko na zo," in ji shi, yana sa a kawo tabarma.

Liman ya ce, "Alhaji, mai muka zo roƙo wa jama'a."

"Ai babu, Malam. Ba ku ga kwali ba?"

Na ce, "Jaji, warinsa ma ya hana mu numfashi a nan inda muke zaune."

Sai ya yi dariya, ya gyara hula. Ya ce, "To tun da haka ne, Baba, ku amsa mini. In na sayar da wannan a tsohon kuɗi, gobe tanka ta zo da sabon kuɗi, da me zan saya? Bara da farashi ya sauka alhali rumbuna cike yake, wa ya zo ya yi mini jaje? Manyan kamfanonin da ke haƙo man nan, kuna ji a rediyo irin ribar da suke ci duk shekarar da duniya ta shiga matsi. Wa ya je ya tsaya musu a ƙofa? Sai Jaji mai famfo biyu."

Maganarsa ta farko akwai gaskiya a ciki, kuma ban musa ba. Liman ma bai musa ba. Ya ce, "To ɗora abin da zai saya maka tankar gobe, ka ɗora ribarka ta kullum a kai. Ba wanda zai ce ka yi zalunci. Amma abin da ka ɗora ya wuce wannan da nisa."

Jaji ya ce, "Ba ni na yanka ba, Malam. Kasuwa ce ta yanka."

Na ce, "Wace kasuwa? Kai kaɗai ne kasuwar. Kuma in manyan kamfanoni sun ci abin da ya wuce haƙƙinsu, su ma akwai mai tambayarsu. Ba su ne za su yi maka sallah ba ranar da ka mutu, mutanen layin nan ne."

Ya ce ya ji, zai duba. Muka tashi. Bai duba komai ba.

Ranar Lahadi, kwana huɗu ke nan rabon gonar Saude da ruwa, ta ɗauki jarka ta zagaya bayan gidan Jaji. Injinta lita biyar yake sha kafin ya gama rabin eka, kuma sai an yi haka sau biyar ko shida kafin kanal ya dawo. Abin da ke ɗaure a bakin zanenta ba zai kai ko sau biyu ba.

Ta ce, "Alhaji, kai fa kullum kake cin shinkafata. Akwai ranar da na ga ka zo da yunwa na ƙara maka kuɗin kwano?"

Ya ce, "Saude, yunwata tana iya jira. Tumatirinki ne ba ya jira."

Ta tsaya ta dube shi, ta ɗauki jarkarta wayam ta juya. Ba ta nufi gida ba, sai rumfar Mika'ilu bakanike da ke gefen tasha.

Mika'ilu shi ke gyara mana injin ban-ruwa da janareta. Mutum ne gajere, mara yawan magana, wanda tun da na san shi ban taɓa ganin ƙumbarsa fara ba. Ɗan goggon Saude ne, don haka abokin wasanta ne, kuma ba sa haɗuwa ba su taɓa juna da baki ba.

Da ya hango ta ya ce, "A'a, uwar tuwo, yau kuma wa kika ba ƙanzo ya koro ki?"

Ta ce, "Baƙin Mai, yau ba wasa ya kawo ni ba. In kana da ko lita biyu a ɓoye, ka fito da ita."

Ya ga idonta, ya ajiye sufana. Ya ce ba shi da ko kofi. Sai ya kalli rumfarta da ke tsallaken hanya, inda tukunyar shinkafa ke kan wuta. Saude na cikin mutum uku kacal a garin nan da ke girki da gas a lokacin.

Ya ce, "Wannan tukunyar gas ɗin taki, yaushe kika cika ta?"

"Shekaranjiya. Me ya haɗa ka da ita?"

Ya shiga cikin rumfa ya yi ta tone-tone, ya fito da wani gwangwanin madara, ya zazzage wani ƙarfe a tafin hannunsa. Ya ce kafireta ce, wato abin da ke shayar da inji mai, amma wannan ta gas ce. Tun bara ya saye ta a Kano don ya ga yadda take, ya gwada a janaretarsa ta yi. Ya nuna wa manoma biyu, suka ce shi ya fara kai ta gonar ubansa, ba su shirya tashi sama ba.

Saude ta ce, "Kana nufin abin da nake dafa wake da shi zai jawo ruwa?"

"In kin yarda."

"In ya fashe fa?"

"In ya fashe ni ne a kusa, kin huta da ni."

Ta ce, "Da na ji daɗi." Ta tsallaka hanya ta sauke shinkafar da ba ta gama nuna ba, ta mayar da ita kan murhun itace, ta kwance tukunyar gas ta ɗora a kai.

Kafin su isa gona labari ya riga su. Maza sun fi talatin a bakin gonar, ni ma ina ciki, amma ba zan ɓoye muku ba, duk can nesa muka tsaya bayan kunyar masara. Ganyen tumatirin ya yi laushi ya sunkuya, layi biyu na can gefe har sun fara zubar da fure. Jaji ma ya zo a kan babur, ya tsaya a hanya yana cewa, "Ku matsa baya, jama'a, yau za a raba mana Mika'ilu gunduwa-gunduwa."

Mika'ilu bai ɗaga kai ba. Ya kwance tsohuwar kafireta ya ɗaura sabuwa, ya jona tiyo daga tukunya zuwa inji ya ɗaure bakinsa tamau. Ya sa Saude ta kaɗa ruwan sabulu a kwano, ya bi kowace mahaɗa yana shafa kumfa yana dubawa, ya ce in akwai yoyo kumfar za ta kumbura. Wuri ɗaya ya kumbura, ya kwance ya sake ɗaurewa. Ya tambaya ko akwai mai taba a aljihu, ya ce ya ƙara gaba. Sannan ya yi bisimilla ya ja igiya.

Ja na farko shiru. Na biyu inji ya yi tari. Na uku ya kama, tiyon ruwa ya yi tsalle kamar mai rai, ruwa ya ɓulɓulo fari tas ya bi magudana. Sai ga maza suna fitowa daga bayan masara ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa dama shi ya san zai yi.

Saude ta ɗaure zane ta shiga da fartanya tana buɗe wa ruwa hanya, fage bayan fage. An shayar da kusan kashi ɗaya cikin uku sai ƙarar inji ta fara sauka. Ya yi tari sau biyu, ya mutu.

Jaji ya yi dariya har yana buga tankin babur. Ya ce, "Saude, ina nan har magariba. Ki zo da jarkarki."

Mika'ilu ya duba filogi, lafiya lau. Ya kwance kafiretar ya hura ya mayar, ya ja igiya har gumi ya jiƙa masa riga. Inji ya kama ya sake mutuwa. Ya ɗaga tukunyar, da nauyinta, gas bai ƙare ba. Na ga fuskarsa ta sauya. Mutane suka fara sulalewa, wasu har sun bi bayan Jaji.

Saude ta fito daga cikin gona da taɓo har gwiwa. Ba ta kalli injin ba, tukunyar ta kalla. Jikin tukunyar ya yi fari da ƙanƙara tun daga gindi har tsakiya, cikin wannan rana.

Ta ce, "Matsa, Baƙin Mai. Wannan ba ciwon inji ba ne, ciwon tukunya ne, kuma tukunya ba fanninka ba ce."

"To likita, mene ne?"

"Sanyi ta ji. Haka take mini ranar sallah in na kunna wuta biyu tun safe, sai ta daskare wuta ta yi ƙasa. A baho nake zaunar da ita."

Ta sa aka haƙa ɗan rami a bakin magudana inda ruwa zai riƙa wucewa, ta zaunar da tukunyar a ciki a tsaye, ruwa ya kai mata ƙugu. Suka jira ƙanƙarar ta narke. Mika'ilu ya ja igiya sau ɗaya, inji ya kama, kuma bai ƙara tari ba har aka kai fagen ƙarshe.

Ya share fuska da hannun riga ya ce, "Yau dai na yarda girkinki yana da amfani."

Ta ce, "Shekara arba'in kana cinsa kyauta, sai yau?"

Nan take manoma suka yi musu caa, kowa na so a kai injin gonarsa. Wani ma har ya ciro kuɗi yana miƙa wa Saude. Ta ce ya mayar aljihu, kowa ya sayi gas ɗin da ya ƙona kawai. Mika'ilu ya ce, "Kuma ba rububi. Yadda ake raba ruwan kanal haka za a raba wannan. An fara da wutsiya, sai mai bi mata." Ba wanda ya yi musu, don ƙa'idar ta girme mu duka. Kwana tara tukunyar Saude na yawo a gonakin mutane, mai adaidaita sahu na kai ta Kura a ciko ta a dawo da ita, ita kuwa tana can tasha tana fama da hayaƙin itace, idanu jajur.

Inji ɗaya ba zai shayar da layi guda ba, kowa ya san haka. Washegari da sassafe Mika'ilu ya shiga Kano da kuɗin da manoma suka haɗa, ya dawo da kafireta goma sha biyu. Masu hali suka sayo tukwanen gas, marasa hali suka haɗa kai mutum uku ko huɗu a tukunya ɗaya. Ya ce kuɗin kafireta yadda ya sayo ne, kuɗin mota a raba, ladan hannu kuwa daidai da abin da yake karɓa in ya wanke tsohuwar kafireta. Ya kafa layin aiki a kan ƙa'idar nan dai, daga wutsiya zuwa kai.

A rana ta uku da fara wannan aiki Jaji ya zo rumfar. Ina zaune a benci ina jiran nawa injin, don haka da kunnena na ji. Ya ja Mika'ilu gefe, amma muryar Jaji ba ta san gefe ba.

Ya ce, "Mika'ilu, kai fa Allah ya buɗe maka ƙofa kana tsaye kana kallo. Kai kaɗai ka iya abin nan daga nan har Kadawa. Zan ba ka jari, ka je ka kwashe duk kafiretar da ke shagon nan na Kano, mu ajiye a wurina. Duk mai so ya biya ninki uku. Wa zai ƙi? Tumatirinsa na fure."

Mika'ilu ya ci gaba da goge hannu da tsumma. Ya ce, "Alhaji, abin da nake karɓa yana ciyar da gidana, har da ragowa."

"Ragowar me? Shekara nawa kana cikin wannan rumfa?"

"Ashirin da biyu. Kuma ina so in ƙara ashirin a cikinta ina gaisawa da mutane."

Jaji ya ce, "Talauci ya zame maka ado." Ya hau babur ya tafi.

Abin da Mika'ilu ya yi bayan nan shi ne ya fi burge ni a duk labarin. Maganar Jaji ta nuna masa cewa muddin shi kaɗai ya iya, to wata rana ko shi ko wani zai zama Jaji na biyu. Ranar kasuwar Bunkure ya ɗauki inji ɗaya ya ajiye a fili gaban jama'a, ya aika aka kira masa Sammani, bakaniken da ke ƙarshen gari wanda suka shekara goma ba sa ga maciji saboda kishin sana'a, da wasu masu gyaran babur su uku. Ya kwance ya ɗaura a gabansu sau biyu, ya nuna musu gwajin kumfa, ya faɗa musu sunan layin da ake sayar da kayan a Kano da farashinsu, da ƙarfi, yadda kowane manomi da ke tsaye zai ji. Ya ƙara da cewa maganar zaunar da tukunya a ruwa ba tasa ba ce, ta wata mai tuwo ce da ba ta iya tuwo ba.

Sammani ya ce, "Kai kuwa me za ka ci in ka koya mana?"

Ya ce, "Injin da ke jiran hannu ya fi hannuna yawa. In na riƙe, fure zai zube kafin in kai kansu."

A can bayan gidan Jaji kuwa abu ya fara lalacewa. Waɗanda suka daure suka sayi mansa mai tsada sai ga su suna turo babura da injuna rumfar gyara, duk ciwo ɗaya, kafireta ta toshe. Tsofaffin duron nan akwai tsatsa da guntun ruwa a gindinsu, wasu kuma murfinsu ba ya kamawa. Rana ta yi ta dukan kwanon siton, wari ya cika unguwa har maƙwabta suka daina hura wuta a tsakar gida. Jaji ya ce sharrin maƙiya ne. Da nasa injuna uku suka mutu a eka huɗunsa, girman kai ya hana shi zuwa wurin Mika'ilu. Ya kai su Kura aka wanke, ya dawo ya sake zuba musu man nan dai, suka sake mutuwa. Kwana uku suka tafi a haka.

A rana ta huɗu ya sauke injunan a gaban rumfar Mika'ilu, ya ce a mayar masa da su na gas, yanzu, zai biya ninki uku.

Mika'ilu ya gaishe shi da ladabi. Ya tsiyayi man da ke cikin ɗaya daga injunan a kwalba, ya ɗaga ta a rana. Jar tsatsa ta kwanta a ƙasa, ruwa a kanta, mai a sama. Ya miƙa wa Jaji kwalbar.

Sannan ya ce, "Kuɗinka kuɗin kowa ne, Alhaji, ba ƙari. Amma gonarka ce ta kan layi. Akwai mutum goma sha takwas a gabanka."

"Mika'ilu, furena na zuba!"

"Na sani, wallahi, kuma ban ji daɗi ba. Nasu ma na zuba."

Jaji ya juyo gare ni. "Baba, ka sa baki."

Na ce, "Ba ni na kafa ƙa'idar ba, Jaji. Da mahaifinka aka kafa ta."

Ya ruga wurin Sammani, Sammani ya ce layin ɗaya ne, sun raba shi ne kawai tsakaninsu. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya tsallake shi. Da layi ya zo kansa bayan kwana biyu, Mika'ilu da kansa ya je har gonar ya ɗaura masa, ya shafa kumfa a kowace mahaɗa kamar yadda ya yi wa Saude, ya haƙa wa tukunya rami a magudana, ya karɓi ladan da yake karɓa a hannun kowa.

Kanal ya dawo ranar da ya cika kwana ashirin da uku. A makon ne kuma tankoki suka fara shigowa, layin Kura ya watse. Saude ta rasa layi biyun nan na gefe, sauran gonar kuwa ta ba ta kwando sittin da biyu. Ta sayi tukunyar gas ta biyu, ta ce ɗaya ta wake, ɗaya ta gona. Mika'ilu na nan a rumfarsa, ƙumba baƙa kamar kullum. Jaji har yau yana zuwa cin shinkafa a tasha, kuma a kuɗin kowa Saude ke zuba masa.

Ga abin da haɗama ta ci masa, yadda kowa a garin nan ya sani. Cikin duro hamsin da biyar, tara kawai ya sayar a farashin da ya yi buri. Kimanin shida sun tafi tsakanin yoyo da zafin kwano. Arba'in ɗin da suka rage wani ɗan Zariya ya kwashe su ƙasa da yadda aka sayo, don sai an tace. Cikin eka huɗunsa, uku sun zubar da fure. Motocinsa biyu ba su ɗauki kwando ko ɗaya na layinmu ba a shekarar, direbobin Kadawa aka ba. Injuna saba'in da huɗu ne ke shan mai a famfonsa duk rani kafin wannan. Hamsin da ɗaya sun koma gas, kuma ba su dawo ba.